Akuyar Kirsimeti da hannun da ya yanka ta: amsa ga ɗan ƙanena da ke Zariya

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma sa ƙanwarka ta karanta mini shi har sau biyu, don idona ya fara gajiya da ƙananan rubutun waya. Ka ce babarka ta ba ka labarin zuwan da ta yi mana Ngaundere a ƙasar Kamaru, ta ga ranar jajiberen Kirsimeti na ja akuyata na kai wa maƙwabcina Alhaji ya yanka mini. Ka ce abin ya tsaya maka a rai. Tambayarka ita ce, yaya mai bin Almasihu zai kusanci waɗanda ba sa bi har haka, bai zubar da tsarkinsa ba? Na ji daɗin tambayar, don ta nuna kana ɗaukar bangaskiyarka da nauyi. Na ga ya fi kyau in amsa a fili, wataƙila akwai wasu matasan ikilisiya a gida da abin ke damunsu kamar kai.

Na san ƙasar da tambayar ta tsiro. Ina Zariya a watan Maris na 1987 lokacin da wutar da ta tashi a Kafanchan ta iso mana, na ga hayaƙin majami'u da idona. Ku kuma kun tashi kun tarar an raba Kaduna gida biyu, kogi a tsakani, kowa ya san gefen da zai kwana. Wanda ya girma a haka, in ya ji an ce zaman lafiya, abin da yake ganewa shi ne kowa ya tsaya a unguwarsu. Ban ga laifinka ba. Ni ma da wannan zuciyar na ƙetaro iyaka a 1989, ina yaron mota.

Abin da ya kawo ni nan hanyar jirgi ce. Layin dogo da ya taso daga Yawunde a Ngaundere ya ƙare, tun 1974, saboda haka kayan da za su tafi Garwa da Marwa da Chadi a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci. Na yi shekara da shekaru ina jan lodi zuwa Njamena. Garin na Lamido ne, Fulatanci shi ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis. Hausawa sun daɗe a nan, suna da unguwarsu, su ne mahauta da masu ɗinkin babbar riga da 'yan tireda, kusan dukansu kuwa Musulmi ne. Ikilisiya kuma ta Gbaya ce da Dii da Mbum da mutanen kudu. 'Yan mishan daga ƙasar Norway sun sauka garin a 1925, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansu, a nan ne kuma hedkwatar ikilisiyar Lutaran ta Kamaru take, da asibitinta, da ɗakin shirye-shiryen rediyo da ake kira Sawtu Linjiila, wato muryar bishara da Fulatanci.

To ka ga inda Bahaushe Kirista ya faɗo. In na shiga unguwar Hausawa aka ji harshena, sai a ce ɗan gida ne, in aka ji sunana na baftisma sai a yi shiru. In na shiga majami'a da hula da babbar riga, sai yara su riƙa leƙena, suna tsammani Alhaji ne ya ɓata hanya. Mu da muke yin addu'a da Hausa kaɗan ne, yawancinmu ma 'yan Adamawa ne da Taraba da Filato da kudancin Borno. Da safe muna sujada da Faransanci da Fulatanci tare da kowa, da yammar Lahadi kuma mu taru a zauren ɗayanmu mu rera waƙoƙin Hausa. Ba mu da unguwar kanmu da za mu gudu mu ɓuya a ciki. Wannan rashin ne ya koya mana abin da da muna gida wataƙila ba za mu koya ba.

Buɗe Ibraniyawa sura 12 aya 14. An ce mu himmantu ga zaman lafiya da kowa, mu kuma nemi tsarki, wanda in ba shi ba mai ganin Ubangiji. Ka lura abubuwan nan biyu a numfashi ɗaya aka faɗe su. Kai kana ganin kamar in an ja ɗaya sai ɗayan ya kwance. Ni abin da na gani a shekaru talatin da wani abu shi ne, kamar shanun noma biyu suke a karkiya ɗaya, in guda ya tsaya, garma ba ta tafiya daidai.

Bari in fara da akuyar. Na iya yanka, babanmu ya koya mana. Amma in na yanka da hannuna, naman ya tsaya a gidana ke nan, don Alhaji da iyalinsa ba za su ci ba, kuma ba zan so in sa su cikin kunyar karɓa su zubar a ɓoye ba. In shi ya yanka, kwano yakan fita daga gidana ya shiga gida bakwai ko takwas a layinmu. Bulus ya riga ya warware mana wannan a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa sura 10, inda ya ce a ci abin da ake sayarwa a mahauta ba tare da damun lamiri ba. Kai ma naman da kake saya a kasuwar Sabon Gari, wa ya yanka shi? Alhaji ya ambaci sunan Allah a kan wuƙarsa, ni kuma na tara iyalina muka yi godiya cikin sunan Yesu kafin mu ci, shi ma ya san haka nake yi. Ranar Babbar Salla kuwa cinyar rago takan shigo mini tun kafin a fara suya a wasu gidajen. Ban taɓa jin wannan ya rage mini kome a gaban Ubangiji ba.

Amma akwai inda na tsaya, kowa a layinmu kuma ya san wurin. Ba na bin sahun salla don in faranta wa wani rai. In ana zaman makoki a gidan Musulmi nakan je in zauna a tabarma in yi ta'aziyya, in an tashi sallar gawa in koma gefe in jira, sa'an nan in bi su maƙabarta. Ba na rataya laya a mota, ko da yake a hanyar Chadi, lokacin da 'yan fashi suka addabi direbobi, Kirista da Musulmi duka sun yi ta neman ta. Ba na shan bilbil, wato burukutun nan na dawa da ake yi a nan, kuma wannan gwajin daga wajen 'yan'uwana masu zuwa coci ya fi zuwa, don Musulmi ba ya miƙa mini ƙwarya.

Gwajin da ya fi kowanne zafi shi ne na man mota. A sana'armu an mai da shi kamar al'ada, direba ya tsaya a wani ƙauye da dare ya zuƙe jarka biyu ko uku daga tanki ya sayar, ya dawo ya ce wa mai mota hanya ta ci mai. Na ƙi yi. Abokan aiki suka tsane ni na wani lokaci, don lissafina yana tona nasu. Uban gidana na lokacin Bahaushe ne Musulmi, mutum mai tsoron Allah. Wata rana wani ya ce masa don me zai damƙa wa arne sabuwar mota alhali ga 'ya'yan Musulmi. A gabana ya amsa cewa shi amana yake nema, kuma ya same ta. Daga ranar ban ƙara jin wannan kalmar a tasharmu ba. Ɗana, ka duba da kyau: tsarkin da kake tsoron zai zube, shi ne ya saya mini zaman lafiyar. Da na zama mai sha, mai satar mai, mai bin matan mutane, da duk naman Kirsimetin duniya ba zai sa maƙwabci ya bar 'ya'yansa su shiga gidana ba.

Kada ka ɗauka babu saɓani. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ɗan wan Alhaji ya nemi auren babbar 'yata, yaro mai hankali, ba ni da abin faɗa a kan halinsa. Na tambayi yarinyar, ta ce ba za ta bar bangaskiyarta ba, kuma ta san in ta shiga gidan za a so ta bari. Na ɗauki dattijo ɗaya na ikilisiya muka je da ƙafarmu, na faɗa wa Alhaji gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ransa ya ɓaci, ya ga kamar na raina gidansu. Kusan shekara guda gaisuwarmu ta Fulatanci ba ta wuce “Jam na?” da “Jam” ba. A shekarar na fahimci ayar da ke biye da waccan ta Ibraniyawa, wadda ta yi gargaɗi kada wani tushen ɗaci ya tsiro ya ƙazantar da mutane da yawa. Na ji tushen nan yana motsi a cikina, ina tuna 1987, ina cewa ai dama haka suke. Matata ce ta hana shi girma. Ba ta daina aika kunu gidansu da azumi ba ko sau ɗaya, ko da ana dawo da kwanon ba a ce kome ba. Da mahaifiyar Alhaji ta rasu, na kwana uku a ƙofar gidansa. A rana ta ukun ya kama hannuna ya riƙe, bai yi magana ba, ni ma ban yi ba. Kirsimetin shekarar shi ya aiko yaro ya tambaya ko akuya ta iso.

Ƙasar nan ma tana da nata tabon. Tsofaffin Gbaya da Dii ba su manta da zamanin bauta ba, a 1992 kuma an zubar da jini tsakanin Gbaya da Fulani a Meiganga. Can arewa mai nisa Boko Haram ta tayar da bama-bamai a Marwa a watan Yulin 2015, ta kuma tarwatsa ƙauyukan iyaka. Zaman lafiyar da muke ciki aiki ne na kowace safiya, kamar share ƙofar gida.

Ka kuma tambayi yadda muke taimakon juna tun da ba mu da dangi kusa. A nan in an kwantar da mutum a asibiti, nasa ne za su dafa masa abinci su kwana da shi, in kuma ana bukatar jini, nasa ne za su kawo masu bayarwa. Baƙo ba shi da nasa sai ikilisiya. Muna da adashi, a kowane zubi kuma akwai ɗan abin da ake warewa a asusun taimako, ba a taɓa shi sai don ciwo ko mutuwa ko kuɗin makarantar maraya. Matan zumunta, waɗanda a ikilisiyar Lutaran ta nan ake kira Mata Domin Almasihu, su ke raba kwanakin jinya a tsakaninsu, wannan ta kai tuwo yau, waccan ta kwana gobe. Daren da matata ta zubar da jini wajen haihuwar autanmu, mutum uku suka miƙa hannu: wani dattijo Bagbaye daga majami'armu, wani ɗan Filato mai gyaran taya, da ƙanen Alhaji. Autan nan yanzu ya fi ni tsawo.

Da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo a 2013, muka ji yawancin mutanen daga wajen Gwoza suke, da yawansu kuma da Hausa suke sujada kamar mu. Zaurenmu ya tara masara da tufafi da sabulu. Ban roƙi kowa a layinmu ba, amma Alhaji ya ga ana ɗaure buhuna, ya tambaya, ya ƙara nasa biyu. Mu ma ba mu ce a raba wa Kirista kawai ba, don yunwa ba ta tambayar sunan mutum.

Akwai wani ɓangaren kula da juna da ba a cika son faɗarsa ba, wato tsawatarwa. In ɗan'uwa ya fara kwana a gidan giya, ko ya ci kuɗin adashi, ko yana dukan matarsa, ba ma jira sai maganar ta kai gaban fasto. Mutum ɗaya yakan je masa a keɓe, in bai ji ba a koma su biyu ko uku, kamar yadda Ubangiji ya tsara a Matiyu sura 18. Dalilinmu a fili yake: mu kaɗan ne, idon gari yana kanmu, in ɗaya ya yi abin kunya za a ce ga halin Kiristoci. Amma wanda aka dakatar daga Jibin Ubangiji ba a dakatar da shi daga tuwo. Akwai wanda muka yi shekara biyu muna biyan hayar ɗakin iyalinsa yana ƙarƙashin horo, yau shi ke jagorar waƙa a zaurenmu.

Wani bambanci ɗaya da 'yan'uwanmu na kudu: su sukan ajiye gawa a ɗakin sanyi makonni, a tara kuɗi, a yi babban taro. Mu mun riƙe ta gida, mukan binne da wuri, mu zauna kwana uku, abin da ya rage a ba gwauruwa. Da fari sun ga kamar ba mu girmama matattunmu, yanzu wasunsu sun fara tambayarmu yadda muke yi, don bashin jana'iza ya karya gidaje da yawa.

Ban ce ka kwashi duk abin da muke yi ka kai Zariya ba, kowane gari da irin rauninsa. Amma na san a Tudun Wada ko Sabon Gari akwai wani da kuka yi firamare tare, kuka daina gaisawa ba tare da ya yi maka kome ba. Romawa sura 12 aya 18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da ke hannunka, ka zauna lafiya da kowa. Ba a ɗora maka nasa rabon ba, naka kawai.

In ka sami hutu a Disamba ka zo ka gani, gani ya kori ji. Ka biyo ta Yola ka shigo Garwa, daga nan mota za ta hau da kai dutse zuwa Ngaundere. Ka zo da rigar sanyi, garin a kan tudu yake, asubarsa tana da sanyi kamar ta Jos. Ka taho mana da littattafan waƙoƙi na Hausa ko guda biyar ne, namu sun yayyage, da daddawar babarka. Ka gaishe ta, ka gaida babanka, ka ce masa ƙafar tawa ta yi sauƙi.