Wayoyin Tsohon Jirgi: A Liƙe Ko A Sake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon jirgin ruwa na katako a tafkin Lagdo da ke Kamaru, ina jigilar kifi da fasinja. Akwai batir mai bolt 12, fitilu uku da famfon kwashe ruwa. Fitilun sun dushe, famfon ba ƙarfi, batir kuma kan mutu kafin gari ya waye. Wayoyin duk sun cuɗe, ko'ina salatif. In liƙe ne ko in sake?
Mai jirgi, Lagdo

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na nagatif, ka kuma fitar da jarkokin fetur daga jirgin.

Sai ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya daga batir zuwa inda kowace ta ƙare, kana ɗaura mata alama. Wadda ba ta kai ko'ina ba, fitar da ita. Sauran kuma ka feɗe bakinsu ka duba: in tagullar tana ƙyalli, da sauran ranta. In ta yi baƙi ko kore, yanke taƙi ɗaya ka sake dubawa. In nan ma baƙa ce, laima ta bi ta cikin roba, sai sabuwa. A tsohon jirgi galibi haka za ka tarar, shi ya sa shawararmu ita ce a sake gaba ɗaya. Fitila uku da famfo ɗaya ba aikin da zai fi yini ba ne.

Kada ka sayi wayar gida mai sanda ɗaya, girgizar inji tana karya ta a ciki ba tare da robar ta nuna ba. Nemi mai silla-silla. Kauri kuwa shi ne inda aka fi cutar masu jirgi. Wutar bolt 12 tana raguwa da nisa, kuma nisan ana lissafa shi zuwa da dawowa. Famfo mai jan amfiya 5 da ke mita 6 daga batir, wayarsa mita 12 ke nan. Da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zai yi asarar kusan bolt 0.7, da mai 2.5 kuwa kusan 0.4. Ƙara mahaɗa biyu masu tsatsa a kan siririyar, ka ga dalilin kasalar famfonka. Ba shi 2.5, fitilun LED kuma 1.5 ya ishe su.

A tuna wa mai gyaran, musamman in wayar mota ya saba, cewa katako ba bodin mota ba ne da wuta ke komawa batir ta jikinsa. Kowane abu sai da waya biyu, ta zuwa da ta komawa. Ko jirgin ƙarfe ne ba a mai da jikinsa hanyar komawa, don wutar tana cin ƙarfen.

Sa babban fiyus a wayar fozitif, kada ya wuce taƙi ɗaya daga batir, sannan kowane layi da nasa ƙarami: amfiya 10 ga wannan famfon, 3 ga fitilu. Fiyus ya ƙone, a nemi dalili, ba a naɗa masa waya ba. Mahaɗa a matse ta da kan waya na ƙarfe maimakon murɗawa da hannu, a shafa giris, a ɗaure wayoyin sama inda ruwan ƙasan jirgi da na kifi ba ya kaiwa.

Saura mutuwar batir. Auna shi da mitar auna wuta bayan ya huta: bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 rabi, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Ta da inji ka sake aunawa. In bai haura 13 ba, ba ya caji. Injin da ake tayarwa da igiya sau da yawa wutar fitila kawai yake bayarwa, sai an sa masa rektifaya, na'urar da ke mai da wutar injin irin wadda batir ke karɓa, ko a haɗa sola da na'urar daidaita cajinta. Sannan kashe komai, ka juya mitar zuwa awon amfiya, ka sa ta tsakanin batir da wayar nagatif. In ta nuna ana jan wuta, cire fiyus ɗaya-ɗaya har ka kama layin da ke yoyo.

Farin garin da ke kan batir, ruwan kanwa yana wanke shi, amma kada ya shiga ramukan. A zafin Maris da Afrilu duba ruwan batir duk mako biyu, ka cika da tataccen ruwan batir, ba na tafki ba.