Amsa ga Kawu game da kyanwoyin da ya gani a gidana

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali da dukan mutanen gida a Bagalam, ina so in amsa tambayar da kuka yi mini ranar Juma'a, wadda na kasa amsawa yadda ya kamata saboda layi yana yankewa, kuma lokacin shiga aji ya matso. Kun ga kyanwa ta hau teburina ta gifta gaban waya, sai kuka tambaya ko ɓeraye ne suka dame mu a Kanada. Da na ce babu ɓera ko ɗaya a gidan, kuka yi shiru na ɗan lokaci, sannan kuka ce, to ita mussar mene ne aikinta? Daga baya Inna ta gaya mini cewa labari ya zaga gida wai ina kai kyanwa asibiti, har wasu na cewa shekara 11 a ƙasar Turawa ta fara aiki a kaina. Shi ya sa na ga ya fi kyau in zauna in rubuto muku a tsanake.

Tambayarku tana kan hanya, domin a Maraɗi kyanwa ma'aikaciya ce mai cin gashin kanta. Takan tsallako katanga ba tare da an kira ta ba, ta tsare buhunan gero da gindin rumbu, a jefa mata sauran tuwo ko kan kifi, ta haihu a bayan madafa, kuma ranar da ta ɗauki ɗan tsako a bi ta da muciya. Ba wanda yake raɗa mata suna, ba kuma wanda za a tuhuma in ta kwana da yunwa, tunda ƙofa a buɗe take kuma gari yana da faɗi. Ni ma da wannan fahimtar na zo Montireyal, kuma na daɗe ina yi wa maƙwabtana dariya a ɓoye in na ga sun sayo buhun abincin kyanwa.

Abin da ya sauya mini tunani shi ne hunturun nan, wanda bai yi kama da ɗarin da muka sani ba, wanda mutum zai ja bargo da asuba, hantsi ya yi ya tuɓe rigar sanyi. A nan, tsakanin Disamba da Maris, akwai ranakun da ma'auni yake sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifiri, wani lokaci har ya zarce, dusar ƙanƙarar da take zuba a shekara takan kai kimanin mita 2, kuma a tsakiyar Disamba magariba tana yi tun wajen ƙarfe 4 da kwata na yamma. Kyanwar da take kwana a waje a irin wannan dare, sanyi yana iya cinye mata kunnuwa da tafin ƙafa. Marasa gida sukan shige cikin injin mota da aka kashe ba da jimawa ba don su sami ɗumi, shi ya sa za ku ga mutum ya bubbuga murfin injin da hannu kafin ya tayar da mota da safe. Ga gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, ga ruwan da ake zuba wa mota don kada injin ya daskare, wanda guba ne mai kashe ƙoda ko da kaɗan ta lasa. Ni kuma a hawa na 3 nake zaune. Saboda haka kyanwa a gidana fursuna ce, ko na so ko ban so ba, kuma duk abin da ta Maraɗi take nemar wa kanta, tawa a wuyana yake. Ku kuka koya mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. A gida ina jin hadisin kamar labarin wata muguwar mace ce can nesa, tunda wa zai tsare kyanwa a Maraɗi? A nan kuwa kowane mai kyanwa ya riga ya yi rabin abin da matar ta yi, saura ya kiyaye ɗaya rabin.

Hukuma ma ba ta bar abin ga son ran mutum ba. Tun 2015 dokar jihar Kebek ta daina lissafa dabba cikin kayan mallaka kawai, ta ce halitta ce mai jin zafi da daɗi. Daga 1 ga Janairun 2020 birnin Montireyal ya wajabta a fiɗiye kyanwar da ta wuce wata 6, a kuma sa mata wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda take ɗauke da lambar da za a gane mai ita in ta ɓata, ban da takardar izini da ake sabuntawa. A 2024 kuma aka hana cire wa kyanwa farce don kawai kada ta yage kujera. To kun ga zuwa wurin likitan dabbobi ba ƙawa ba ce. Wanda ya ƙi, tara za ta same shi.

Ban je neman kyanwa ba, ita ta same ni. A Kebek yawancin yarjejeniyar haya tana ƙarewa ne a ƙarshen Yuni, don haka ranar 1 ga Yuli gari yakan cika da motocin kwasar kaya, kuma da yake masu gidaje da yawa ba su yarda da dabba ba, akwai masu ƙaura su bar tasu a baya. Haka 'yarmu ta tarar da wani jan muzuru a matakalar bayan gida, kwana 2 yana kuka a ƙofar da ba za a sake buɗe masa ba. Muka sa masa suna Kilishi saboda launinsa. Ta biyun, fara mai suna Fura, daga gidan kula da dabbobi na SPCA muka ɗauko ta, ƙungiyar da aka kafa a birnin nan tun 1869, domin mun lura Kilishi yana yini shi kaɗai yana yagar labule. Na san za ku tuna da hadisin da ke cikin Muslim da ya hana cin kuɗin sayar da kyanwa. Na tambayi malaminmu a nan, ya ce malamai sun saɓa a kan sayar da ita, amma abin da na biya ladan allura da fiɗiya ne, ba farashinta ba. Fiɗiyar ma an yi gardama a kanta a tsakaninmu, har wani dattijo ɗan Tasawa ya tambaye mu ko bunsurun da ake dandaƙewa a gida shawara ake yi da shi.

Game da karatun, kun san na bar aikin ɗakin ajiyar kaya na koma makaranta ina koyon shirya shirye-shiryen talabijin, irin abin da ake koyarwa a IFTIC, makarantar koyon aikin jarida da sadarwa ta Yamai: ɗaukar hoto, haske, sauti, da haɗa hotuna, wanda a nan ma montaj ake ce masa kamar a gida, tunda da Faransanci ake karatun. Wani bambanci da zai ba ku mamaki shi ne talabijin ɗin nan tana nuna hoto kusan 30 a daƙiƙa, alhali ta Nijar 25 take nunawa, kuma asalin abin daga wutar lantarki ne, tasu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Duk abin da na shirya a nan, in ina so ya dace da Télé Sahel, gidan talabijin na Nijar, sai na yi la'akari da wannan tun kafin in kunna kamera.

Ɗaukar hoto a waje cikin hunturu wahala ce mai zaman kanta. Batir da zai yi awa 2 a ɗaki yakan mutu da wuri a cikin sanyi, don haka muna sa na ajiya a aljihun ciki, kusa da jiki. Farin ƙanƙara yana ruɗin kamera, sai ta rage haske ta mayar da fari toka-toka, dole mutum ya ƙara da hannunsa. In an gama kuma ba a shiga ɗaki mai ɗumi da kamera tsirara, domin raɓa za ta taru a gilashinta da cikinta. Sai an sa ta a jaka an rufe, a bar ta ta ɗumama a hankali. A nan ne nake fama da Fura, wadda ba ta ganin jaka a ƙasa ba ta hau ta kwanta ba.

Montaj kuwa aikin dare ne, kuma nan ne zan amsa muku tambayar aikin mussa. Maiɗakina tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi, yarinya takan yi barci tun ƙarfe 9, ni kuma sai in zauna gaban kwamfuta har ƙarfe 2, ina maimaita daƙiƙa 10 na hoto sau ba adadi. A Maraɗi ko tsakar dare ne mutum yana jin jaki, ko kabu-kabu, ko tarin maƙwabci. A nan tagogi masu gilashi ninki biyu ne, ƙanƙara kuma tana shanye sauti, sai gida ya yi tsit kamar maƙabarta, ga shi ba dama in kira ku, domin kuna gabanmu da awa 6, lokacin ku kuna sallar asuba ko shirin fita. A cikin wannan shirun, motsin rai guda a ɗaki ba ƙaramin abu ba ne. Kilishi yakan zo ya kwanta a bayan kwamfuta inda iska mai ɗumi take fita, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan hannuna. Ban ce ya maye gurbin fada ko hirar ƙofar gida ba, kuma duk wanda ya ce muku kyanwa tana maye gurbin dangi, bai san daɗin dangi ba ne.

Suna da ɓarnarsu. A watan jiya an ba mu aikin ɗora murya a kan wani gajeren rahoto na minti 3, na shiga cikin kabad ɗin tufafi na naɗa, saboda tufafi suna hana amsa-kuwa. Na miƙa aikin ina ganin na yi bajinta. Da malamar ta kunna shi a aji ta manyan lasifikoki, sai ga wani gurnani a ƙarƙashin muryata tun daga farko har ƙarshe, kamar an kunna janareta a unguwar nesa. Ta tsayar, ta tambaya ko firji ne. Wata ɗaliba ta ce a'a, wannan kyanwa ce, kuma tana cikin jin daɗi. Ashe Fura ta riga ni shiga, ta kwanta a kan babbar rigar da Inna ta aiko mini. An yi dariya, aka rage mini maki, laifin kuma nawa ne, domin ban sa na'urar saurare a kunne ba lokacin naɗin, abin da aka koya mana tun makon farko.

Kada ku ɗauka dukan Hausawan nan haka suke. Mafi yawan gidajen da nake shiga, na 'yan Nijar da na 'yan Najeriya, babu dabba a ciki, kuma akwai wata Hajiya 'yar Damagaram da ba ta shiga gidanmu sai an rufe su a ɗaki, don ita har gobe kyanwa da dare ba ta yarda da ita ba, balle baƙa. Yawanci yaran da aka haifa a nan ne suke matsa wa iyaye, saboda abokansu na makaranta duk suna da ita, kuma tunda kare ba zai shiga gidanmu ba, sai a sasanta a kan kyanwa. Hujjarmu tana cikin Muwaɗɗa, hadisin Abu Ƙatada da ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninku. Duk da haka muna da iyakokinmu da suka bambanta mu da maƙwabta. Ba ta hawa gadonmu, ba ta shiga madafa ana girki, sallaya a naɗe take a saman kabad, kuma ba za ku ji ɗayanmu yana kiran kansa uban kyanwa ba, yadda wasu suke yi a nan ba tare da jin nauyi ba. Akwatin yashin da suke bayan gida a ciki ni nake kwashewa kullum, kuma lokacin da maiɗakina take da juna biyu ba ta taɓa shi ba sam, saboda wata cuta da ake iya ɗauka daga kashin kyanwa mai cutar da abin da ke ciki. Ragowar miya ma ba a ba su, domin albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, haka kuma ƙwayar farasitamol tana iya kashe kyanwa, wannan ko a gida ya kamata a sani.

Saura maganar kuɗi, wadda na san ita ce a ƙarƙashin shirun da kuka yi. Gaskiya ne abincinsu da yashinsu na wata guda, in an juya shi zuwa sefa, zai sa mutumin kasuwar Maraɗi ya riƙe baki, kuma ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci nakan tsaya a gaban kanti in yi wannan lissafin in ji ba daɗi. Ƙa'idar da na sa wa kaina ita ce, saƙon gida shi ne farkon abin da yake fita daga albashi, kuma kun shaida bai taɓa jinkiri ba tun zuwan Kilishi. Abin da na rage don su kofin shago ne da motar haya. Yanzu da shayina nake fita a gora, in bi jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Aikin ƙarshen zangon nan gajeren fim ne na minti 7, kuma tambayarku ta ba ni abin da zan yi a kai. Na riga na ɗauki Kilishi a bakin taga yana kallon motar kwashe ƙanƙara. Abin da nake roƙo shi ne ku sa ɗaya daga cikin yara ya ɗauko mini mussar nan mai yawo a kan katangarku, da hantsi lokacin da haske yake da kyau, ya riƙe wayar a kwance ba a tsaye ba, kuma kada ya yi magana yana ɗauka, domin ina so a ji sautin tsakar gida da daka. In kun amince, ina so ku ma a naɗi muryarku kuna maimaita tambayar yadda kuka yi ta. Sai an miƙa aikin kafin ƙarshen Afrilu. A gaishe da Inna da Gwaggo.