Hukuncin Matashi Ya Haɗa Babban Tankin Kifin Ado a Gidan Iyayensa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekaruna 16, ina zaune gaban iyayena. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa tankin gilashi na kifin ado da hannuna, tsawo santimita 250, faɗi 80, zurfi 80, in kafa shi a ɗakina da ke saman bene. Mahaifina bai ce in yi ba, bai kuma hana ni ba. Yayana ya ce tsare kifi zalunci ne, kuɗin kuma almubazzaranci ne. Ban taɓa kiwon kifi ba. Mene ne hukunci? Kuma idan ruwan tankin ya taɓa tufafina, zan iya salla da su?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, ajiye kifi don ado halal ne. Amma wannan tanki da ka siffanta, a wurin da ka ambata, bai halatta ka fara shi ba sai sharuɗɗan da zan faɗa maka sun cika, kuma a halin da kake ciki yanzu ba su cika ba.

Dalilin halaccin shi ne hadisin Anas ɗan Malik da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (SAW) kuma yakan ce masa: "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Bai umarce shi da ya sake shi ba. Hafizi Ibn Hajar, a Fathul Bari, ya kawo cikin fa'idojin hadisin cewa ya halatta a riƙe tsuntsu a keji, ya kuma halatta a kashe kuɗi a kan abin halal da yaro zai yi nishaɗi da shi. Kifi a tanki yana bin wannan hukunci. Don haka yayanka bai yi daidai ba da ya ce tsarewar kanta zalunci ce. Matar da hadisi ya ce ta shiga wuta saboda kyanwa, illar da aka ambata ita ce ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Sayen kifin da ke cikin tanki ma babu laifi, tunda ana ganinsa kuma ana iya kama shi a miƙa maka. Wanda malamai suka hana saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, shi ne sayar da kifin da ke cikin kogi ko tafki, wanda ba a san ko zai kamu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tambayarka shi ne bene. Annabi (SAW) ya ce: "Ba cuta, ba cutarwa." Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa, Ibn Majah ma ya ruwaito shi. Mu yi lissafi. Tanki mai 250 da 80 da 80 yana cin lita 1,600, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce. Zurfin santimita 80 yana neman gilashi mai kaurin milimita 19 ko kusa da haka, kuma murabba'in mita ɗaya na irin wannan gilashi ya kai kilo 47. Ƙasan tankin da ɓangarori huɗu sun haura murabba'in mita 7, wato kusan kilo 350 na gilashi zalla. Ƙara yashi da duwatsu da teburin ƙarfen da zai ɗauke shi, ka wuce tan 2, duka a kan murabba'in mita 2. A ƙa'idojin gini da yawa, ana tsara daben ɗakin zama ne a kan kilo 150 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, a baje ko'ina cikin ɗakin. Wannan ba yana nufin kowane bene zai rufta ba ne, domin akwai bambanci tsakanin tsakiyar ɗaki da kusa da ginshiƙi ko bango mai ɗaukar nauyi. Amma ni da kai da mahaifinka ba mu ne za mu yanke wannan ba. Allah ya ce a tambayi ma'abota sani idan ba a sani ba, kuma mai sani a nan injiniyan gini ne wanda zai zo ya duba da idonsa. Kafa shi a sama ba tare da hakan ba haramun ne, saboda akwai rayuka a ƙarƙashinsa. Idan kuma ya fashe ko ya yi yoyo ya lalata kayan wani, akwai lamuni a dukiyarka. Ƙuruciya tana ɗauke zunubi ga wanda bai balaga ba, amma ba ta ɗauke biyan abin da aka lalata.

Ka kuma sani cewa zurfi ne ke fasa tanki, fiye da tsawo. A zurfin 80, ruwan yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 800. Da za ka rage zurfin zuwa 60, tsawon na nan yadda yake, turin zai sauko zuwa kilo 450. Shi ya sa masu haɗa manyan tankuna suke liƙa sanduna na gilashi a bakin tankin ta sama, a gefe-gefe da kuma a gicciye, don kada gilashin gaba ya yi ciki. Ana liƙi da silikon zalla wanda aka yi don tankin kifi, domin na banɗaki yana ɗauke da maganin hana fumfuna mai kashe kifi. A goge bakin gilashin tas kafin liƙi, a bar shi ya bushe mako guda ko fiye idan liƙin mai kauri ne. Gilashin da aka gasa don ƙarin ƙarfi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Ka taɓa shi da abin huji ya tarwatse. Teburin ya zama a daidaice ta kowace kusurwa, a shimfiɗa soso mai tauri tsakaninsa da ƙasan tankin, saboda 'yar karkata ko ƙwayar tsakuwa ɗaya tana tara nauyi a wuri guda har gilashi ya tsage. Gwajin farko a ƙasa ake yinsa, a fili, a cika kashi ɗaya cikin uku, a jira, a ƙara, a bar shi kwanaki cike. Wutar lantarki kuwa dole ta bi ta na'urar da ke katse wuta da zarar ta ɓalle, mai miliamfa 30, kuma kowace waya ta lanƙwaso ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya sauka ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga.

Sai batun mahaifinka. Idan alamun balaga sun bayyana gare ka, ka balaga. Idan ba su bayyana ba, Shafi'iyya da Hanbaliyya suna yanke balaga da shekara 15, mashhurin mazhabar Malik kuwa 18. Ko ka balaga, aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta haɗa miƙa dukiya da shiriya wajen sarrafa ta. Amma ko mu ƙaddara kuɗin naka ne kuma kai mai shiriya ne, gidan na mahaifinka ne, wuta da ruwa shi ke biya. Tanki irin wannan yana son famfon da zai juya ruwansa sau 4 zuwa 5 a awa, wato lita 6,400 zuwa 8,000, dare da rana. A wuri mai sanyi yana son hita, wato na'urar ɗumama ruwa, mai kimanin wat ɗaya ga kowace lita don ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Kowane mako kuma za a canza kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ruwan, lita 320 zuwa 400 ke nan. Malaman fiƙihu suna cewa ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Ka kai masa waɗannan alƙaluma a rubuce, ka ji amsarsa da bakinsa. Idan ya hana, biyayya ta wajaba a kanka, domin abin da kake so mubahi ne, bin iyaye kuwa wajibi.

Almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda bai dace ba, israfi kuma wuce iyaka a cikin halal, kuma ana auna shi da halin mutum. Idan kuɗin nan zai ci na karatunka, ko ya kai ka ga bashi, ko kula da tankin ya riƙa cinye maka lokacin salla, to maganar yayanka ta tabbata a kanka. Idan ba haka ba, ba ta tabbata ba.

Haƙƙin kifin kansa ya wuce ciyarwa. A cikin ruwan yake numfashi, a cikinsa yake kashi, kuma ba shi da inda zai gudu. Kashinsa da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce mai ƙona masa gaɓar da yake numfashi da ita. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a matatar ruwa su ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Wanda ya cika tanki yau ya zuba kifi gobe, sau da yawa gawa yake kwashewa, kuma idan ya san haka ya yi, yana da alhaki. Ka sayi kayan gwajin ruwa. Kada kifi ya shiga sai amoniya da naitirait sun nuna sifili, sannan a riƙa sa su kaɗan-kaɗan. Ruwan famfo yana da kilorin, a wasu wurare kiloramin, wanda ajiye ruwa ya kwana ba ya kawar da shi, sai an sa magani. Sosan matata a ruwan tankin da aka ɗebo ake wanke shi, domin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin. Abinci, abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3 ya isa. Ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta.

Ka kuma bincika girman da kowane kifi zai kai kafin ka saya. Tarwaɗa mai jan wutsiya ta Kudancin Amurka ana sayar da ita kamar yatsa, amma tana wuce mita guda, har tankinka ya yi mata kaɗan. Kifin oska yana kai santimita 30, yana kuma rayuwa fiye da shekara 10. Kai kuwa shekarunka 16, mai yiwuwa nan da shekara biyu ko uku karatu ya raba ka da gida. Wa zai karɓi amanar? Ka san amsar tun yanzu. Sakin baƙon kifi a kogi ba mafita ba ce, domin ko ya mutu ko ya cutar da kifayen wurin. Jefa wa babban kifi ƙananan kifaye da ransu don kallo kuma ka bar shi, tunda akwai abincin da zai wadatar.

Game da tsarki: kifi mai tsarki ne, rayayye ko matacce, saboda faɗin Annabi (SAW) game da teku cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Kashin dabbar da ake cin namanta mai tsarki ne a wurin Malikiyya da Hanbaliyya. Don haka ruwan tankin bai ɓata tufafinka ba, ka yi sallarka. Alwala da shi ce za ka bari idan magani ko abincin da aka zuba ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi. Ruwan da ka cire, idan ba na gishiri ba ne kuma babu magani a ciki, ka ba shuka maimakon ka zubar. Wajen ƙawata tankin ka tsaya ga duwatsu da itace da tsirrai, ka nisanci mutum-mutumin abu mai rai, balle siffar abin bautar wasu, da ake yawan sayarwa cikin kayan adon tanki.

Shawarar da zan ba ka, bayan izinin mahaifinka, ka fara da tanki mai santimita 120 da 45 da 45, kimanin lita 240, wanda ƙwararru suka haɗa, ka sa ƙananan kifaye masu juriya, ka riƙe shi shekara guda kana rubuta sakamakon gwajin ruwa duk mako. Idan bayan haka kana son babban, a kafa shi a ƙasa a kan daben kankare, zurfinsa kada ya wuce 60, kuma wanda ya taɓa haɗa irinsa ya tsaya a kan aikin liƙin.

Wallahu a'alam.