Tun da na zane shi ko kallona ba ya yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, ni uwa ce daga Aboabo a nan Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa da safe. Ɗana na fari shekararsa 14, yana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare. Da can in ya dawo makaranta sai ya cika ni da labari har in ce ya isa haka, amma tun bayan babbar sallah yaron nan ya canza, in na tambaye shi abu sai ya ce "ba komai", da dare yana kan waya har ƙarfe ɗaya, asuba kuwa sai an yi dambe kafin ya tashi. Satin da ya wuce na ga sidi 40 sun fita daga MoMo ɗina, wato asusun kuɗina na waya, da na matsa masa ya ce cacar ƙwallo ya buga. Raina ya ɓaci na zane shi a tsakar gida gaban 'yan haya, tun ranar ko kallona ba ya yi. Babansa direba ne a hanyar Tamale, sai ya yi sati biyu bai kwana gida ba. Don Allah Hajiya ki ba ni shawara, tsorona kar ya bi yaran da ke shan tramol a bakin layi. Daga wata uwa, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya shirya mana su. Zan fara da dukan nan, don shi ya fi tsaya mini a rai fiye da sidi 40 ɗin. Ba zafin bulala ne ya sa ya ɗauke miki kai ba, kunya ce. Kin san gidajenmu na haya a zango, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, abin da ya faru da hantsi kafin azahar ya kai unguwar Asawase. Yaro ɗan 14 da muryarsa ta fara buɗewa, yana jin kansa ya zama wani, aka dake shi 'yan matan gida suna leƙe ta labule, wallahi wannan ya fi masa ciwo. Laifi kam ya yi, ɗaukar kuɗin uwa ba wasa ba ne, amma a ɗaki ya kamata a yi hukuncin.

To yanzu kar ki zaunar da shi gabanki ki ce sai ya yi magana, ba zai yi ba. Ki ja shi jiki da aiki. Ranar Asabar ki ce ya raka ki kasuwar Kejetia sayen wake da gero ya riƙe miki kaya, ko da dare kina gyaran waken ƙosai ki miƙa masa tire ya taya ki tsince tsakuwa, hannu na aiki ido ba ya cikin ido, a nan ne bakin samari yake buɗewa. Ki ce masa "abin da ka yi bai dace ba, amma ni ma bai kamata in dake ka gaban mutane ba". Na san da nauyi, balle ɗan fari da muka saba yi wa alkunya, amma ki daure ki faɗa. In ya fara magana kar ki katse shi da faɗa ko da kin ji abin da bai miki daɗi ba.

Maganar barci kuma ba duka taurin kai ba ne. In yaro ya fara balaga jikinsa kan jinkirta jin barci, ga hasken waya yana ƙara kore shi, alhali likitoci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya yaya za a yi ya tashi asuba ya kuma gane karatu a aji, ga BECE, jarrabawar gama JHS, na jiransa baɗi, wadda sakamakonta ne zai nuna SHS, wato babbar sakandaren da za a tura shi? Ki sa doka, ƙarfe tara kowa ya kawo wayarsa caji ɗakinki, har taki.

Caca kuwa kar ki yi mata sakaci ko kaɗan. Dokar Gana ta hana wanda bai kai 18 ba yin ta, ke nan wataƙila akwai wani babba da ya buɗe masa ko ya ara masa asusu, ki binciko waye cikin ruwan sanyi. Yau ɗin nan ki canza lambar sirrin MoMo ɗinki, sidi 40 ɗin kuma ya biya da taya ki suya ranar Asabar da Lahadi kafin ya wuce makarantar allo.

Babansa ya riƙa kiransa a waya shi kaɗai, ba sai an kai ƙara ba, ko hirar ƙwallo su yi. In akwai kawu ko malamin da yake jin nauyinsa a sa shi a ciki. Idan kuma kika ga yana rama, ko idonsa ya canza, ko ya daina cin abinci da shiga mutane har sati biyu, ki kai shi asibiti, a Komfo Anokye akwai masu duba irin wannan. Ki sake rubuto mini bayan wata ɗaya in ji yadda kuka ƙare.