Ƙuda da ciwon hanji: amsoshin Likita

Tambaya: Likita, wai da gaske ne masana suna binciken ciwon hanjin mutum da ƙuda? Me ya haɗa mu da ƙuda?

Amsa: Da gaske ne, amma ba ƙudan da ke bin shara ba. Wani ɗan mitsitsi ne mai jajayen idanu da ke taruwa a kan 'ya'yan itace idan sun nuna sun fara ruɓewa, masana na kiransa Drosophila. A 1910 Thomas Hunt Morgan ya yi amfani da shi wajen bankaɗo yadda gado ke tafiya, a Jami'ar Columbia ta Amurka, har ya ci kyautar Nobel a 1933. Kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtukanmu suna da takwara a jikinsa. Daga ƙwai zuwa girma kwana 10 ne, shi ya sa abin da za a jira shekaru a gani a jikin mutum, a ƙuda makonni sun isa. A 2006 aka gano cewa hanjinsa ma yana da uwayen ƙwayoyi masu sabunta bangon hanji, kamar namu.

Tambaya: To shi wannan ƙudan yana sa cuta?

Amsa: Ba ya cizo, amma yana iya kwaso ƙazanta daga abin da ya ruɓe. A wanke, a rufe, a zubar da wanda ya lalace.

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan ina ganin jini a bayan gida, kuma na rame. An ce basir ne, wani kuma ya ce hanjina ne ke yoyo, har bincike a kan ƙuda ya tabbatar. Ya ba ni haɗin wankin ciki, ina sha duk mako.

Amsa: Malam, don Allah ka ajiye haɗin nan yau, ka je asibiti cikin makon nan.

Binciken da mai haɗin ya fake da shi akwai shi. Ana ba ƙuda abinci mai shuɗin rini. Idan yaro ne, rinin yana tsayawa a hanji, ka hango shi kamar ɗan zare a cikin ciki. Idan ya tsufa bangon hanjin ya saki, sai rinin ya malale, ƙudan ya koma shuɗi daga kai har ƙafa, kuma yawanci ba ya daɗewa bayan haka. Iyakar abin da aka gani ke nan. Babu inda aka ce zawon dole yana toshe yoyo. Ko magani ya yi aiki a ƙuda, sai ya bi ta gwaji a dabbobi, sannan a mutane, kuma da yawa a hanya suke faɗuwa.

Abin da ƙudan ya nuna ma ya saɓa wa maganar mai haɗin. Hanji shi ke gyara kansa. Namu yana sake bangonsa cikin 'yan kwanaki. Idan aka yi ta ji masa rauni, uwayen ƙwayoyin nan sai su yi ta hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. A jikin mutum kuwa an san daɗaɗɗen kumburin babban hanji yana ƙara haɗarin cutar kansa, wato ciwon daji.

Hanji ba tukunya ba ne da za a riƙa kankare shi. Wankin cikin nan ruwa da gishirin jikinka yake kwashewa, ya gajiyar da ƙoda, ga lokaci yana tafiya. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda duk jinin da ya fito ake laƙaba masa basir ba tare da kowa ya duba ba. Zai iya zama basir ɗin. Amma jini na wata huɗu tare da rama zai iya zama kumburin hanji ko kansar babban hanji, wadda ake warkewa idan an kama ta da wuri. Likita zai duba ka, ya auna jininka, wataƙila ya tura ka a leƙa hanjin da na'ura. Kada kunya ta hana ka. Idan jinin ya yi yawa, ko bayan gida ya yi baƙi, ko jiri ya kama ka, kada ka jira gari ya waye.

Tambaya: Ɗana yana zawo tun jiya. In ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta?

Amsa: A'a, Hajiya, sai likita ya rubuta. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari da zinc, ki ci gaba da shayar da shi. Idan kika ga jini, ko idanunsa sun faɗa, ko ya ƙi sha, ki kai shi asibiti nan take.