Matse tsarkiyar ka ji abin da kalangu yake faɗa

Jiya a hanyarmu ta dawowa daga bikin nan da aka sallame mu tun kafin la'asar don mai lasifika ya samu wurin kafa kayansa, ka ce da ni: "Baba, tunda yanzu kowa fiyano yake so, ba gara in ajiye kalangu in tafi Kano in koyi kiɗan situdiyo ba?" Ban tanka maka ba saboda raina a ɓace yake a lokacin. Yanzu na huce. Ɗauko wancan kalangun da muka ɗaure shekaranjiya, ka zo nan gindin darbejiya ka zauna.

Sa shi a hammata. Kada ka matse tukuna, buga sau ɗaya. Ka ji muryar tana ƙasa. To matse tsarkiyar da damtsenka ka sake bugawa. Ta hau ko? Yanzu buga kana matse, sannan ka sassauta a hankali kafin ƙarar ta mutu. Ka ji yadda ta gangaro. Abin da bakin Bahaushe yake yi ke nan duk wuni ba tare da ya sani ba. Ka ce kuka, irin na jinjiri. Ka ce kuka, ta miya. A rubuce ɗaya suke, amma na jinjiri bugu biyu ne a matse, ta miya kuwa na farko a matse, na biyu a sake. Shi ya sa in ka ga mahauci ya ajiye wuƙa ya ɗago kai a kasuwar Maigatari ranar Alhamis alhali ba wanda ya kira sunansa da baki, to kalangu ne ya kira shi. Takensa ya ji, wanda aka yi wa ubansa da kakansa.

Lokacin da nake kamarka, kana kwance a ɗaki za ka san abin da ake yi a gari daga sautin da iska ta kawo maka. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, da shi Ɗan Anace ya riƙa zuga mazaje su shiga fage. In ka ji gangar noma da sassafe, gayya ce, ɗauki fartanya. Garaya ta maharba. Kotso da taushi na fada ne. Kotso baki ɗaya gare shi, da hannu ake buga shi, kuma kakin da ake mannawa a tsakiyar fatar shi yake ba shi nauyin muryar nan da kake ji a waƙoƙin Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo. Tambari kuwa ba a buga wa talaka, komai kuɗinsa. Mata suna da nasu a cikin gida: a kifa ƙwarya a kan ruwa a cikin masaki, a samo 'yan sanduna, amada ta tashi. Barmani Choge ta fito da wannan kiɗan fili har ƙasa duka ta san shi, kafin ta rasu a 2013. Mu nan ma ba a bar mu a baya ba, Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa ya isa misali.

Kada ka ɗauka mu na gargajiya ba mu taɓa canza hanya ba. Mamman Shata ne ya fitar da kalangu daga rumfar mahauta. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da malamin asibiti, rediyon Kaduna ta kai muryarsa duk inda Bahaushe yake, har ya rasu a 1999. Ɗan Maraya Jos kuma ko 'yan amshi bai nema ba. Kuntigi ne kawai, gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, da shi ya yi wa karen mota waƙa har manyan mutane suka zauna suna saurare. Shi ma ya tafi a 2015.

Shi fiyanon da kake sha'awa, ga inda ya fito. Shekara da shekaru mutanen Kano suna kallon fina-finan Indiya a silima, kunnensu ya saba da saurayi ya ba da baiti budurwa ta amsa masa da siririyar murya. Da aka fara fim ɗin bidiyo na Hausa a Kano a 1990, ba a daɗe ba samari suka samu fiyanon Yamaha, wanda a cikinsa akwai ganga da sarewa da goge duk a ɗauke, sai danna maɓalli. Suka haɗa salon Indiya da amshin 'yan matanmu na dandali, shi ya sa ake ce masa nanaye. Ba zan zage shi ba. Ya faɗi maganar soyayya da mu kunya ta hana mu faɗa a bainar jama'a, ya kai Hausa Nijar da Gana da Kamaru da Sudan a cikin wayar hannu. Masu begen Annabi sun ɗauke shi, 'yan siyasa sun ɗauke shi, in zaɓe ya matso kana jin motocinsu tun daga bakin titi. Kuma ka duba aljihun mai biki. Mu shida ne, sai ya biya mana mota, ya ciyar da mu, ya sallame mu. Mai lasifika mutum ɗaya ne da janareto da memori cike da waƙoƙi. Mutumin jiya ba wulaƙanta mu ya yi niyya ba, lissafi ya yi.

Abin da yake ci mini rai shi ne sautin ya zama ɗaya. Suna, ɗaurin aure, taron siyasa, kamun amarya, duk abu guda kake ji daga nesa, ba ka san wa ake kira ba. 'Yan matan da a da suke fita gaɗa in wata ya yi haske, suna ƙirƙirar waƙa da bakinsu suna tafi, yanzu sun zagaye waya ɗaya suna bin abin da wani ya rera a birni.

An taɓa kirana wani situdiyo a Kano. Ɗaki ne ƙarami an manne bangonsa da soso, ba taga. Yaron ya sa mini abin ji a kunne, wani abu yana ta ƙyas, ƙyas, ƙyas a ciki, ya ce kada in wuce shi kada in bari ya wuce ni. Na yi kusan awa ina kiɗa. Da na gama sai ya yanki bugu huɗu kacal a kwamfuta, ya jera su suna ta maimaituwa daga farkon waƙa har ƙarshe. Ya yi daɗi, ban musa ba, yaron ya san aikinsa. Amma na tambaye shi abin da kalangun ya ce a wurin da ya yanka, bai sani ba. Rabin taken Sarkin Fawa ne, ya datse shi a tsakiyar suna. Kuma abin da ya sa ya aiko a ɗauko ni tun daga ƙauye shi ne kalangun cikin fiyanonsa murya ɗaya gare shi, ba ya hawa ba ya sauka yadda ake so.

To ga amsarka, ɗana. Ban hana ka zuwa Kano ba, kuma in lokaci ya yi ni zan ba ka kuɗin mota. Amma ba bana ba. Ka bari mu ci bukukuwan kaka tare. Kafin ka tafi ina so ka fafe icen alilliba da hannunka, ka jiƙa fatar ɗan akuya ka kankare gashin ba tare da ka huda ta ba, ka ja tsarkiya ta daidaita ta kowane gefe. Ina so kuma ka riƙe taken gidajen garin nan a ka, yadda in dattijo ya shigo taro ta bayanka, ka hango shi da gefen ido, hannunka zai juya kansa ya gaishe shi kafin ya zauna. Masu danna fiyano sun yi yawa a Kano. Wanda zai shiga ɗakin nan mai soso ya san abin da gangar take faɗa, ya san inda ake yankawa da inda ba a yankawa, shi ne ba su da shi.

Miƙo shi nan in gani. Ka ga wannan gefen ya yi sako-sako, shi ya sa muryar take rawa in ka matse. Kwance daga nan ka sake ja, a hankali, kada ka bar shi a rana, iskar hunturu ta fara busar da fata. In ka gama ka shafa wa tsarkiyar ɗan mai. Alhamis mai zuwa kai za ka buga wa Sarkin Fawa takensa, ni zan tsaya a bayanka da kuntuku.