Ko Ghana na da kujera a gasar Eurovision?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo a Aboabo, nan Kumasi, kuma ƙanwata ce mawaƙiyar da na fi ɗaukar waƙoƙinta. Wani mutum ya same mu ta WhatsApp, ya ce an buɗe wa ƙasashen Afirka ƙofar gasar waƙoƙi ta Eurovision kamar yadda aka buɗe wa Ostareliya, kuma shi ne aka ɗora wa tattara sunayen da za a tace a fitar da wakilin Ghana. Ya nemi sidi 12,000 na rajista da biza, tare da fasfonta. Mahaifiyarmu har ta fara maganar sayar da sarƙarta. Shin Ghana za ta iya taɓuka abin kirki a wannan gasa, ko asara za mu tafka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, ka roƙi Hajiya ta mayar da sarƙarta inda take ajiyewa, kada kuma fasfon ƙanwarka ya bar gidanku. Maganar ko Ghana za ta taɓuka ba ta ma taso ba, domin Ghana ba ta da kujera a wannan gasa, kuma ba ta taɓa samu ba tun da aka fara ta a Lugano ta ƙasar Suwizalan a 1956.

Tunda kana cikin sana'ar, ka san ƙungiyar kafafen watsa labarai ta Turai, EBU, mai hedikwata a Janiba, ita ce mai gasar. Abin da mutanenmu suka kasa riƙewa shi ne tashoshin talabijin ne ke shiga, su kuma su zaɓi mawaƙin da zai ɗauki tutar ƙasarsu: BBC a Birtaniya, RAI a Italiya, SVT a Suwidin. Kafin tasha ta zama cikakkiyar mamba, sai ƙasarta ta kasance cikin ƙungiyar ƙasashe ta Council of Europe ko cikin yankin watsa labarai da aka shata wa Turai, wanda iyakarsa ta kudu ta tsaya a digiri 30 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Wannan shatin ne ya haɗo Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Libiya da Masar. Kumasi kuwa ko digiri 7 ba ta kai ba, kuma tasharmu ta GBC tana cikin ƙungiyar kafafen watsa labarai ta Afirka ce. Ko a cikin waɗancan ƙasashe biyar, Maroko kaɗai ta taɓa hawa dandalin, sau ɗaya tak, a 1980 a birnin Heg na ƙasar Holan, inda Samira Sa'id ta rera da Larabci, ta samu maki 7, dukkansu daga Italiya, ta zo ta 18 cikin ƙasashe 19. Maroko ba ta sake komawa ba.

Yanzu bari in tsaya a kan batun Ostareliya, domin shi ne ƙugiyar da waɗannan 'yan damfara suke kama matasanmu da ita, kuma na gaji da jin sa a bakin mutanen da ya kamata su fi haka sani. Gaskiya ne Ostareliya ba ta Turai, kuma tana cikin gasar. To amma ta yaya ta shiga? Tashar SBS ta ƙasar tana nuna gasar tun 1983, shekara fiye da talatin tana tara mata masu kallo, kuma tana da matsayin mamba na haɗin gwiwa a EBU. Sai a 2015, lokacin gasa ta 60 a Biyana, aka gayyace ta a matsayin baƙuwa, aka ga abin ya karɓu, aka ci gaba da ita, har mawaƙiyarta Dami Im ta zo ta biyu a 2016. Duk wannan magana ce tsakanin tasha da ƙungiya, da yarjejeniya a rubuce da kuɗin shiga da tashar ke biya daga aljihunta. Babu inda wani mawaƙi a Sidni ya sayi fom a hannun dillali. Da a ce an gayyaci Ghana, da GBC ce za ta fara shelantawa a labaran dare, da ka ji ƙungiyar mawaƙa ta MUSIGA tana magana, da gidajen rediyon Kumasi sun kwana suna gardama a kan wa ya cancanta. Labari irin wannan ba zai ɓuya har sai wani baƙo ya raɗa maka shi a waya ba.

Wasunsu sun ƙware, sai su nuna maka shafin jefa ƙuri'a su ce ga Ghana nan a ciki. Tun 2023 an ba masu kallo daga ƙasashen da ba sa cikin gasar damar yin zaɓe ta intanet da katin banki, sai a haɗa ƙuri'unsu duka a lissafa su tamkar na ƙasa ɗaya. Wannan izinin zaɓar mawaƙin wata ƙasa ne kawai. Wasu kuma sukan rikita ka da gasar Intervision da Rasha ta farfaɗo da ita a Satumban 2025, wadda Kenya da Habasha da Masar da Madagaska da Afirka ta Kudu suka shiga, mawaƙin Biyetnam ya lashe. Ita ma Ghana ba ta cikinta, kuma ita ma hukumomin ƙasashe ne suka tura wakilansu.

Kuɗin ma ba shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali ba, fasfon ne. Mutumin da ya karɓi fasfo da sunan gasa, takardar gayyata ta bogi zai haɗa ya tura ofishin jakadanci, sunan ƙanwarka ne a kai, yatsunta ne aka ɗauka, shi kuwa babu inda sunansa ya fito. Idan aka gano, Birtaniya tana iya hana ta biza har shekara 10 saboda yaudara, ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya ta Shengen kuma suna da rumbu guda da suke ajiye bayanin wanda aka hana, ta yadda ofishin da ta je gobe zai ga abin da ya faru jiya. Ranar da gayyata ta gaskiya za ta zo mata daga wani bikin kiɗa, wannan tabon ne zai tare ta. Abin haushi shi ne idan an cuci mutum a unguwanninmu, kunya takan sa ya yi shiru, sai ɗan damfaran ya tsallaka Asawase ko Sabon Zongo ya sake kafa tarkonsa da hotunan nan dai da ya yaudari na farko.

Akwai hanyar da ɗan Afirka kan hau wancan dandali, sai dai ba da tutar Ghana ba. EBU ba ta ce dole mawaƙi ya zama ɗan ƙasar da yake wakilta ba, kowace tasha ce ke kafa nata sharaɗin. Celine Dion 'yar Kanada ce ta ciyo wa Suwizalan a 1988. Stella Mwangi da aka haifa a Kenya ta wakilci Norwe a 2011, Loreen kuma, wadda iyayenta 'yan Maroko ne, ta ciyo wa Suwidin sau biyu, a 2012 da 2023. Amma ka lura, Stella da Loreen a can suka girma, a can suka yi suna. Ƙananan ƙasashe irin San Marino sukan karɓi baƙi a gasar share fagensu, kuma suna bayyana sharuɗɗansu a fili a shafin masu shiryawa, ba ta lambar MoMo (asusun kuɗi na waya) ta wani mutum ba. Ko a nan ɗin, waƙar ba za ta wuce minti 3 ba, kuma kada a ce an sake ta kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta gabaci gasar, wanda ke nufin duk abin da ƙanwarka ta riga ta ɗora a YouTube tuntuni ya fita daga lissafi. Ina da yaƙinin mutumin naku bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ka ɗauki hoton duk saƙonnin da ya turo da lambar da ya ce a saka kuɗin, ka kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, ka kai rahoto, sannan ka sanar da sauran masu situdiyo na Aboabo kafin ya isa gare su. Idan kuma da gaske akwai sidi 12,000 da za a iya haɗawa ba tare da an taɓa sarƙar Hajiya ba, a yi wa waƙoƙin yarinyar rajista a GHAMRO, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar waƙoƙi ta Ghana, a kai biyu mafi kyau wurin injiniyan da ya iya tace sauti.